Yadda Ake Zama a Gidan Mutanen Senegal: Abin da Wata Goma a Dakar Ya Nuna Mini

Satina na farko a Dakar, a ɗaki na ƙare shi. An ba ni ɗaki a saman bene a wani gida da ke unguwar Madina, ba nisa da kasuwar Tilen. In na dawo daga makaranta sai in yi sallama, in gaida wanda na tarar a tsakar gida, in haye sama in turo ƙofa. A ganina ladabi nake yi, don haka aka rene mu a Zariya: baƙo ba ya zaƙewa, ba ya kutsa kai cikin iyalin mutane, yana nan inda aka sauke shi har a aiko yaro da kwanon abinci. Ran kwana na takwas sai ga uwar gidan ta hawo benen da kanta, ga ta da ciwon gwiwa, ta tsaya bakin ƙofa ta ce mini da Faransanci: "Ɗana, wa ya ɓata maka rai a gidan nan?" Ashe duk kwanakin nan ita da 'ya'yanta suna ta binciken kansu, suna neman laifin da suka yi mini.

Na je Dakar a watan Oktoba na 2021 don ƙaro karatun Faransanci a Jami'ar Sheikh Anta Diop, na dawo bayan Babbar Sallar 2022. Tun da na dawo ɗalibai da 'yan kasuwa da masu niyyar ziyarar Kaulaha ke tambayata yadda zaman can yake, musamman wanda zai sauka a gidan mutane ba otal ba. Abin da nake fara gaya musu shi ne, Bahaushe yana da wata matsala da Bature ba shi da ita. Bature ya san shi baƙo ne, komai sai ya tambaya. Kai kuwa za ka ga buta a bakin bayi, ka ji kiran salla, ka shaƙi turaren wuta, ka ji ana kiran ranaku Altine, Talata, Allarba, Aljuma, har goro ma guro suke ce masa, sai ka ɗauka gida ka zo, ka ci gaba da kara da kawaicin da ka saba. A nan ake yin kuskure. Su abin da suke kira teranga, wato karɓar baƙo, ba ajiye shi a gefe a girmama shi ba ne. Jawo shi tsakiya ne. Kunyar da za a yabe ka da ita a gida, can ana iya karanta ta a matsayin fushi ko girman kai.

Kafin ka tashi

Kada ka je hannu biyu. Kalmarsu ta tsaraba ita ce sarica, kuma suna ɗaukarta da muhimmanci kamar mu. Ni na tafi da kilishi, da hula zanna biyu, da turmin atamfa. Hular ce ta fi yin tasiri: maigidan ya sa ta zuwa masallaci kusan kowace Juma'a. Ka miƙa tsarabar ga uwar gida gaba ɗaya, ita za ta san yadda za ta raba. Ka riƙe katin allurar shawara tare da fasfo, ka kuma mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a ƙarshen 2017 yana wajen gari da nisa, kusan kilomita hamsin, saboda haka ku daidaita da masu masaukinka tun kafin ka taso kan wanda zai tarbe ka. Kuma ka saka rigar sanyi a jaka. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar teku tana kaɗawa da dare da sanyin da ke shiga ƙashi, ba irin busasshen hunturunmu ba.

Gaisuwa da suna

Faransanci zai kai ka ofis da aji, amma cikin gida Wolof ake yi. Ba sai ka iya shi ba kafin ka je. Abin da ba za a yafe maka ba shi ne ka yi wata guda ba ka iya gaisuwa ba. Bayan sallama sai a ce "Nanga def?", wato yaya kake, ka amsa "Mangi fi rek", ina nan dai. "Ana wa ker gi?", ina mutanen gida, amsarsa "Nyunga fa", suna nan. "Jam nga am?", kana lafiya, ka ce "Jam rek", lafiya lau. Na gode shi ne "jerejef". Waɗannan ka haddace su a jirgi.

Da safe, kafin ka nemi ruwan shayi, ka bi manyan gidan ɗaya bayan ɗaya. A gidanmu ina farawa da kaka, wadda ake kira Mam, sannan maigida, sannan uwar gida, wadda tun ranar da ta hawo benen nan na koma kiranta Yay, wato inna. In ka shiga falo ka tarar da mutum goma, ka ba kowa hannu, har yara. Ɗaga hannu daga nesa a ce an gaida jama'a a dunƙule ba ya gamsar da su. Game da hannu tsakanin maza da mata, gidaje sun bambanta. A Dakar da yawa suna yi, wasu ba sa yi. In kai ba ka yi, ka dafa ƙirjinka ka ɗan sunkuya, ka tsawaita gaisuwar baki, ba wanda zai ji haushi. 'Yan mata kuwa za ku ga takwarorinku suna ɗan rusunawa in za su gaida babba ko miƙa masa ruwa, abin da kun riga kun iya.

Akwai wani abu da ba mu da shi: gaisuwa da sunan dangi. Kowa yana da sunan zuriya, suna kiransa sant, kuma ana jefa shi a cikin gaisuwa ana maimaitawa. Sai ka ji dattawa biyu sun riƙe hannun juna, wannan yana cewa "Njay, Njay", wancan yana amsawa "Job, Job". Girmamawa ce ga iyaye da kakanni. Shi ya sa tambayar farko da za a yi maka ita ce sant ɗinka. Masu masaukinka za su ba ka nasu, sau da yawa har da sabon sunan yanka na wani ɗan gidan, wanda zai zama takwararka. Ka karɓa da hannu biyu, ka kuma riƙa amsa shi a unguwa. Ranar da mai kantin bakin layi ya fara kirana da sunan gidan, ranar ce farashin kaya ya daidaita mini.

Da sunan kuma za ka gaji abokan wasa. Yadda Kanawa da Zagezagi suke, ko Fulani da Barebari, haka Njay da Job suke, haka kabilar Serer da Fulanin can. In wani da ba ka taɓa gani ba ya ji sunanka ya ce kai bawansa ne, ko ya ce danginku ba su san komai ba sai cin shinkafa, kada ka tsuke fuska. Ka rama. A nan Bahaushe ya fi kowane baƙo sa'a, don mun san wannan wasa tun muna yara, kuma mun san cewa wanda ya tsokane ka ya buɗe maka ƙofa ne.

Zaman kwano

In ka manta duk abin da na rubuta, kada ka manta wannan: ka kasance a gida lokacin abincin rana. Shi ne babban abincin yini, ana sauke shi wajen ƙarfe biyu zuwa uku, kuma gidan gaba ɗaya yana haɗuwa a kansa. Ana shimfiɗa tabarma ko leda, a ajiye faffaɗan faranti ɗaya a tsakiya, kowa ya cire takalmi ya zauna a kewaye. A gidanmu maza da mata tare muke ci, maigida da matarsa da surukarsu da jikoki. Ranar farko hannuna ya yi nauyi ƙwarai, don ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da matar da ta haife ni ba tun ina ƙarami, balle matar wani. A wasu gidajen, musamman in jama'a ta yi yawa, ana raba kwanon maza da na mata. Ka bi yadda ka tarar.

Abincin da za ka fi gani shi ne cebu jen, ma'anarsa shinkafa da kifi. A watan Disamba na 2021, ina can, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, kuma Yay ta yi murna kamar ita aka ba lambar. Asalinsa ana danganta shi da birnin San Luwi da ke arewa. Da karyayyar shinkafa ake yin sa, wadda mu za mu ɗauka ta masu ƙaramin ƙarfi ce, su kuwa ita suka fi so don ta fi shan romo. Ana tsaga kifin a cusa masa dakakken ganyen fasili da tafarnuwa da barkono, a dafa shi cikin miyar tumatir tare da rogo, kabeji, karas, kabewa da gauta, a tsame su, sannan a dafa shinkafar cikin ruwan. Akwai wani ƙamshi mai ƙarfi da zai buge ka da farko, na busasshen kifi da suke kira gej da wani naman dodon koɗin teku da suke kira yet. Matsayinsu a tukunyarsu kamar matsayin daddawa ne a tamu. Ka ba hancinka sati biyu. Ana kawo shi da ɗan kwaɗon yakuwa da tsamiya a gefe, da kuma ƙanzo. Ƙanzon nan, wanda suke kira hony, ba na yara ba ne a can. A ƙaramin kwano daban ake kawo shi, kuma in aka tura maka shi gabanka, an karrama ka.

Ga yadda ake ci. Ka wanke hannu a ruwan da za a zagayo da shi. Za a ba ka cokali, kana iya karɓa, maza da yawa a birni da shi suke ci. Hannun dama kawai, wannan ba sai an gaya maka ba. Ka ɗauki farantin kamar an yanka shi gida-gida: abin da ke gabanka kai tsaye, daga baki zuwa tsakiya, shi ne gonarka. Kada ka tsallaka gonar wani, kada kuma ka kai hannu tsakiya ka ɗebo kifi. Uwar gida ce mai rabo. Tana ci tana gutsuro kifi da kayan lambu da yatsunta tana jefa wa kowa a gabansa, kuma gaban baƙo ne ya fi cika. Abin da ba ka so, ka ture shi a hankali zuwa tsakiya, za ta lura, gobe ba za ta jefo maka ba. Ƙaya kuma a ajiye ta a kan shimfiɗa, a gefen farantin. Za ka ga yara sun dafe bakin farantin da yatsan hagu, idonsu a ƙasa, ba sa magana. Tarbiyya ce ake koya musu a wurin, kada ka ja su da surutu.

Sai maganar ƙoshi, inda kawaicinmu ke jawo rigima. Mu mun saba a yi mana tayi mu ce alhamdu lillahi ko da yunwa na cinmu, kuma mu ci kaɗan a gidan mutane don kada a ce mun cika ci. Can in ka yi loma biyar ka janye hannu, ka gaya wa mai girkin cewa abincinta bai yi ba. Za ka ji ana ta cewa "Lekal, lekal!", wato ci, ci. Dabarar ita ce ka ci a hankali, ka daɗe a wurin, don wanda ya yi sauri ya cinye gonarsa sake cika masa ita za a yi. In ka ƙoshi da gaske ka ce "Sur na", na ƙoshi, ka haɗa da "Neh na", ya yi daɗi, sannan ka tashi daga wurin nan take. Tashi ba rashin ladabi ba ne, shi ne alamar ka gama. In ka ci gaba da zama, ba za a daina tura maka ba. Ruwa da zoɓo, wanda suke kira bisap, ko ruwan 'ya'yan kuka da suke kira buy, bayan an tashi ake sha.

In wani uzuri zai hana ka dawowa, ka faɗa tun da safe ko ka buga waya kafin azahar. In ba haka ba za a ɗebe maka naka a rufe, kuma za a zauna da damuwa. Haka in kana tafiya a unguwa ka wuce masu cin abinci, za su kira ka ko ba su san ka ba. Kana iya cewa jerejef ka wuce, ko ka tsuguna ka yi loma biyu. Na biyun ya fi sayo maka mutunci.

Ɗan Arewa zai yi kewar tuwo, gaskiya ce. Amma akwai abin da zai rage zafi: mafe miyar gyaɗa ce a kan shinkafa, supukanja miyar kuɓewa ce da manja, cere kuwa ɗan'uwan burabuskon gero ne, ana cin sa da dare. Akwai lah, wani kunun gero mai kauri da ake zuba wa nono. Yasa, wato kaza ko kifi cikin albasa mai yawa da lemun tsami, ban ga wanda ya ƙi ta ba. Karin kumallo ba shi da nauyi: dogon burodin Faransa da man shanu ko wake, da shayin ganyen kinkeliba ko kofin Tuba, wato gahawar da aka sa wa sunan birnin Tuba. In ka kurɓi kofin nan ka ji wani yaji da ka sani, kimba ce. Abincin dare kuma yana kaiwa ƙarfe tara ko goma, ka shirya cikinka.

Bayan abincin rana sai ataya. Mutanen Nijar ba sa bukatar bayani a nan. Ɗanyen shayi ne na Sin a ƙaramar buta kan gawayi, ana zuba shi daga sama tsakanin 'yan kofuna har ya yi kumfa, zagaye uku: na farko mai ɗaci, na biyu da na'ana'a, na uku mai zaƙi. Yakan ci awa biyu. Da farko ina ganin ɓata lokaci ne ga mai jarrabawa a gaba. Daga baya na gane rabin Wolof ɗin da na iya a wurin na tsince shi, kuma duk wata magana mai nauyi ta gidan, neman aiki ko aure ko rikicin maƙwabta, a zagaye na biyu ake taɓo ta. In ka sha na farko, ka yi ƙoƙari ka jira na uku. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun farko. Kuma ka roƙi samarin gidan su koya maka haɗawa, sannan wani lokaci ka sayo ganyen da sukari ka ajiye ba tare da an tambaye ka ba.

Kuɗi, wanki da rufin asiri

In akwai kuɗin wata da aka yi yarjejeniya a kai, ka sa shi a ambulan ka ba uwar gida ku biyu, ba a gaban yara ko baƙi ba, kuma kada ka bari sai an tuna maka. Suna da kalmar sutura kamar mu, amma a wurinsu ta fi karkata ga rufin asiri: ba a bayyana rashin mutum, ba a sa shi ya roƙa. Gida zai iya shiga matsi a ƙarshen wata ba ka ji a bakin kowa ba, sai dai ka ga kifin ya koma ƙanana, irin wanda suke kira yaboy. In ka lura, kada ka yi magana. Ka dawo da kankana ko buhun albasa ko katin wuta, ka ce hanya ce ta biyo da kai. Haka kuma abin da ka gani a gidan, saɓanin miji da mata ko na kishiyoyi, ya tsaya a gidan. Na san wani ɗalibi da ya riƙa ba da labarin masu masaukinsa a makaranta, maganar ta zagayo, zaman bai ƙara daɗi ba har ya tashi.

Kayanka kuma za su zama na gida. Cajar waya, silifas, man shafawa, za a ɗauka ba da mugun nufi ba, kamar yadda kai ma za ka ɗauki nasu. Abin da ba ka so a taɓa, kuɗi da fasfo da kwamfuta, ka kulle a akwati ba tare da ka yi shela ba.

Gidaje da yawa suna da 'yar aiki, galibi yarinya daga ƙauye. Ka san sunanta, ka gaishe ta kamar kowa, in za ka tafi ka yi mata alheri nata daban. Za a karɓi wankinka, amma ƙananan kayan ciki kai za ka wanke abinka, ka shanya inda ido ba ya kai wa. Ka riƙa cika bokitinka da dare saboda ruwan famfo yakan ɗauke. In kana namiji ka ce za ka shiga kicin, za a yi dariya a kore ka, amma sayo burodin safe ko raka yara makaranta ba wanda zai hana ka. Mace kuwa, in ta zauna kusa da turmi ta karɓi tsinar shinkafa, ta gama shiga gidan.

Wani abu da za ka kiyaye, wanda mu ma muna da irinsa: kada ka ƙirga 'ya'yan mutum, kada ka tambayi mai ciki yaushe za ta haihu, kada ka yaba kyan jariri ko ƙibarsa ba tare da masha Allah ba. Suna tsoron baki ƙwarai. Da almuru kuma za ka ga an tattara yara cikin gida.

Lissafin kuɗi a kasuwa zai rikita ɗan Najeriya, amma ɗan Nijar zai ji kamar a Maraɗi yake. Sefa ce dai iri ɗaya, kuma yadda ake ƙirga ta da dala, haka su ma suke ƙirgawa da derem, wato sefa biyar. In mai kaya ta ce temer, ma'anarsa ɗari, to sefa 500 take nufi. In ta ce junni, dubu, 5,000 ke nan. "Nyata la?" shi ne nawa ne. Ciniki dole ne, a kasuwa da tasi duka, don tasin ba su aiki da mita: ku gama magana kafin ka shiga. Ka buɗe asusun Wave ko Orange Money a waya, saboda canji yana wahala. Motocin haya kuwa, tsofaffin kar rapid masu launin shuɗi da rawaya, da fararen Njaga Njay, da bas-bas na Tata masu lamba, ka bari ɗan gida ya raka ka sau biyu ko uku kafin ka shiga kai kaɗai. Ranar da kewar gida ta taso, ka tambayi inda ake sayar da dibi Hausa. Masu tsire ne, yawancinsu 'yan Nijar, da yajin ƙuli da Senegalawa ke kira kankan. A wurinsu nake zuwa in yi Hausa in ji labarin gida.

Addini da bukukuwa

Mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, kuma kusan kowane gida yana da ɗariƙarsa. Hoton da ke bangon falo zai gaya maka. In ka ga mutum tsaye cikin farar riga, rawani ya rufe masa rabin fuska, Shehu Ahmadu Bamba ne, wanda ya kafa Muridiyya, wanda Faransawa suka kai gudun hijira Gabon a 1895. Mabiyansa suna taruwa a birninsu Tuba kowace 18 ga Safar don tunawa da wannan tafiya, taron da ake kira Magal. Tijjanawa da yawa suna bin gidan Alhaji Malik Si na Tiwawan. Akwai Layen a unguwar Yof, akwai Ƙadirawa. Mu a Arewa in an ce Senegal, Shehu Ibrahim Inyas muke tunawa, wanda ya rasu a 1975, wanda alaƙarsa da Kano ta faro tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kaulaha tana da nisan kusan kilomita 200 daga Dakar, kuma in ka shiga unguwarta ta Madina Baye za ka ji Hausa a kan titi. Amma kada ka ɗauka kowane gida nasa ne. Gidan da na zauna 'yan Tiwawan ne, surukinsu kuma Muridi, kuma ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya a kan haka ba.

Shawarata a nan da gaske nake ba da ita: ka bar gardamar aƙida a filin jirgi. Ko kana ɗariƙa ko ba ka yi, kada ka zauna a falon mutum ka soki shehinsa, kada ka fifita naka a kan nasa. Za ka ga abubuwan da ba ka saba ba, kamar 'yan Bay Fal masu dogon gashi da riguna masu faci-faci suna waƙe da ƙwarya a hannu. Ka yi tambaya in kana son sani, za a yi maka bayani da daɗin rai. Abin da ya fi taɓa ni shi ne azumin 2022, da Ista ta faɗo a cikinsa. Ranar Juma'ar da ke kafin Ista maƙwabtanmu Kirista suka aiko da bokiti cike da ngalah, wani haɗin gero da gyaɗa da kuka da suke yi don rabawa Musulmi, muka sha bayan buɗa-baki. Da layya ta zo, Yay ta ware cinya guda ta ce ni zan kai musu.

In azumi ya kusa, ka sayo sukari da dabino da madara ka ba uwar gida, al'ada ce da ake yi wa manya da surukai. Ƙaramar Salla Korite suke ce mata, Babba kuma Tabaski, kuma ita ce hidimar da ta fi kowace cin kuɗi. Tun saura wata guda tituna ke cika da raguna, maigida kuma ba ya barci sosai. In kana da hali, ka ba da taka gudummawar a ɓoye. Ka kai ɗinkinka da wuri, don telolin kasuwar HLM ba sa ɗaga kai a makon ƙarshe. In an yi suna, wanda suke kira ngente, ko aure, za a tafi da kai ko ba ka san masu shi ba. Ka tanadi 'yan canji saboda maroƙansu, gewel, waɗanda za su wasa sunan da aka ba ka har kakanni bakwai. In kuma ƙungiyar ƙwallon ƙasar tana wasa, kada ka hau sama. Daren 6 ga Fabrairu 2022 da Sadio Mane ya buga fanaretin da ya ba su kofin Afirka na farko a kan Masar, har Mam, mai shekara sama da tamanin, sai da ta fito bakin ƙofa tana tafi.

Ranar tafiya

Kada ka bari sai ana gobe ka sanar. Ka faɗa da sati biyu, ka zagaya maƙwabta da mai kanti da limamin unguwa ka yi sallama, ka nemi gafara, kalmar ita ce "Bal ma ak", su amsa su ma su nemi taka. Ka bar wuri a jaka, don za a haɗa maka tsaraba ko ka ce ba ka so. Ni an ba ni garin kofin Tuba, da kwalbar turaren wuta da Yay ta haɗa da hannunta don mahaifiyata, da yadin shadda. Ka karɓi lambar kowa, kuma ka sani ana sa ran jin muryarka a kowace Salla da duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa.

Da asubar da zan tafi, motar tana jira a bakin layi, na miƙa wa maigidan hannun dama. Ya ƙi karɓa, ya miƙo mini na hagu. Na tsaya ina kallonsa, don a tarbiyyarmu wannan abin kunya ne. Babban ɗansa ya ce mini haka ake yi wa mai tafiya mai nisa: an yi gaisuwar ba daidai ba da gangan, don dole ka dawo a gyara ta. Na ba shi hannun hagu, na ba Mam, na ba Yay. Ita ba ta ce komai ba, ta juya ta shige kicin, ta aiko jikarta da ledar burodi da wake mai zafi in ci a hanya.